Ciniki yana tafiya, amma kuɗin aike suna cinye min riba

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano. Wata uku ke nan da na buɗe shago a wata kasuwar intanet, ina sayar da atamfa da mayafai da turaren wuta da humra, ina kuma tallata su a WhatsApp da Instagram. Maigidana ne ya ba ni jari. Da zan fara sai na rubuta kuɗin aike naira 2,500 ko'ina a Najeriya, don na ga wasu ma kyauta suke rubutawa, ina tsoron kada masu saye su gudu. Yanzu ciniki yana tafiya, amma kuɗi ba sa taruwa. Kayan Legas da Fatakwal daga aljihuna nake cikawa. Na kira wata mata na ce ta ƙaro naira 3,000 bayan ta riga ta biya, ta zazzage ni, ta rubuta mummunan sharhi a shafina. Wata kuma ta ce sai kaya sun iso za ta biya, da suka isa sai ta kashe waya. An taɓa fasa min kwalbar humra a hanya, ta ɓata turmi biyu na atamfa. Ƙanena da yake kai min kaya tasha ya fara ƙorafi, maigida kuma ya ce ko in daina aikawa nesa ko in rufe shagon. Ni ba na son rufewa. Nawa ya kamata in sa, kuma yaya zan yi da mutanen nan?

Wata 'yar kasuwa daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya mayar da alheri kan abin da aka rasa. Kada ki rufe shagon nan. Wadda ta samu masu saye daga Legas da Fatakwal cikin wata uku, kayanta suna da kyau kuma tallarta tana isa inda ake so. Abin da ke damun ki lamba ɗaya ce da kika rubuta ba tare da lissafi ba, saboda tsoro, kuma tsoron naki ba na banza ba ne: da gaske mutane suna fasa saye idan suka ga kuɗin aike sun yi musu yawa. Sai dai ba zan ce miki ki sa kaza ba, domin farashin da direba zai faɗa miki wannan makon ba shi zai faɗa bayan Sallah ba. Abin da za ki riƙe shi ne yadda ake fitar da lambar, ta yadda duk ranar da farashi ya motsa za ki sake fitar da ita da kanki cikin minti goma.

Ki fara da sayen ƙaramin sikeli na kicin mai nuna lamba, wanda yake auna har kilo 10, ki haɗa da tef ɗin awo irin na tela. Duk kayan da kike sayarwa ki ɗaure su kamar yadda za su tafi, da ledarsu da kwalinsu da salatif, sannan ki ɗora a sikeli. Nauyin kaya bayan ɗauri shi ake biya wa kuɗi. Ki auna turmi ɗaya, ki auna turmi uku, ki auna mayafi biyar, ki auna kwalbar turaren wuta ɗaya da guda shida, ki rubuta kowanne a bayan littafin cinikinki. Za ki ga abin mamaki a wurin turaren wuta: sau da yawa kwalbar gilashin tana ɗaukar kaso mai yawa na nauyin, wato kina biyan kuɗin mota ne don gilashi. Ga masu saye na nesa, ki gwada robobi masu murfi mai ƙarfi, ki bar kwalaben ado ga 'yan cikin gari da masu haɗa kayan lefe da suka yarda su biya nauyinsu.

Akwai wani awo na biyu da sababbin 'yan kasuwa ba sa sani sai an caje su. Kamfanonin aika kaya suna duba nauyi, suna kuma duba girman wurin da kwalin zai cinye a mota ko a jirgi, su caje ki da wanda ya fi yawa. Lissafin da DHL da kamfanoni da dama suke bi shi ne tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Ki ɗauka kin zuba mayafai masu nauyin kilo 2 a kwali mai tsawon 40, faɗin 30, tsayin 20. Idan kika ninka za ki samu 24,000, ki raba da 5,000 ya ba ki 4.8. To kuɗin kilo 5 za ki biya, alhali sikelinki kilo 2 ya nuna. Mayafan nan dai idan kika ninke su sosai, kika matse iskar, kika sa a leda mai kauri da ta tashi 35 da 25 da 8, lissafin girma zai ba da 1.4, sai a koma kan ainihin nauyinsu na kilo 2. Kin rage fiye da rabin nauyin da za a caje ki ba tare da kin roƙi kowa ragi ba. Don haka yadi da mayafi ba sa bukatar kwali, leda biyu masu kauri sun isa. Ko a tasha, inda ba a taɓa tef, da ido direba yake yanka farashi, kuma ƙaton kwali ƙaton kuɗi yake ja ko da iska ce a ciki.

Yanzu ki zauna ki rubuta abin da aike ɗaya yake ci da gaske, domin kuɗin da aka miƙa wa direba kashi ɗaya ne kawai daga ciki. Lambobin da zan kawo misali ne, ki maye su da naki. A ce direban Legas ya karɓi naira 4,500. Kwali da leda da salatif da alkalamin rubutu a jikin kwali, naira 500. Adaidaita-sahu zuwa tasha da dawowa, naira 1,200. Ladan wanda ya kai, naira 500. Katin wayar da za ki ƙone tsakanin direba da mai kaya, da abin da mai POS zai cire idan kin ciro kuɗin hannu, a ce naira 200. Kin tashi naira 6,900 ke nan, kin karɓi 2,500, saura 4,400 daga ribar atamfa suke fita. Idan ribarki a turmi ba ta wuce 4,000 ba, kin yi wa mai sayen hidima kyauta har da ƙari. Wannan shi ne ramin da kuɗinki suke faɗawa, kuma ba a ganin sa domin yana fita ne ɗari biyar-biyar, dubu-dubu, a ranaku daban-daban.

A cikin lissafin nan, kuɗin adaidaita ne ya fi saurin raguwa. Idan ƙulli ɗaya aka kai tasha, shi kaɗai zai ɗauki 1,200. Idan huɗu aka kai tare, 300 ne kan kowanne. Ki tsayar da ranakun aike biyu a mako, misali Litinin da Alhamis, ki rubuta su a shafinki. Wadda take gaggawa, kamar mai biki ranar Asabar da ta yi oda ranar Juma'a, sai ta biya kuɗin fita ta musamman, kuma yawanci ba sa musu.

Bayan haka ki raba ƙasar shiyya-shiyya gwargwadon inda masu sayenki suke. Huɗu sun ishe ki a yanzu: cikin birnin Kano; jihohin kusa irin su Jigawa da Katsina da Kaduna da Bauchi; matsakaiciyar tafiya irin su Abuja da Jos da Sakkwato da Maiduguri; sai kudu, Legas da Ibadan da Fatakwal da Inugu. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, zuwa Abuja bai kai rabin haka ba, zuwa Dutse kuwa tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, babu yadda lamba ɗaya za ta yi wa ukun nan adalci. Ga kowace shiyya ki nemo farashi daga hanya uku: tasha, kamfanin aika kaya irin su GIG Logistics, da gidan waya na NIPOST, kowanne a kan kilo 1 da kilo 3 da kilo 5. Wasu kamfanonin suna da manhaja da za ta ba ki farashi kina zaune a ɗaki. Na tasha sai an je an tambaya, kuma a tambayi ofishin 'yan ƙungiya da ke rubuta webil, wato takardar shaidar karɓar kaya, kada a tsaya kan ɗan kamashon da ya tare ku a bakin ƙofa, shi ma sai ya ɗora nasa. Idan kika gama za ki samu ɗan jadawali mai layi huɗu da gida uku na kowace hanya. Ki ƙara wa kowane gida kuɗin ɗauri da na zuwa tasha da ladan ɗan aike, ki ɗora kashi 5 cikin ɗari na asara da fashewa, ki cike lambar zuwa ɗari biyar ko dubu mafi kusa ta sama. Wannan jadawalin shi ne amsar tambayarki ta nawa za ki sa.

Kilo na farko shi ne mai tsada, na biyu da na uku ƙari kaɗan suke jawowa. Saboda haka kada ki ninka kuɗin aike da yawan kaya. Wadda ta sayi turmi uku kada ta biya kuɗin aike sau uku, ki caje ta na turmin farko cikakke, sauran ki ɗora ɗan abin da nauyinsu ya ƙara. Ki faɗa mata hakan tun tana zaɓe, domin yana sa ta ƙara mayafi ko ta kira 'yar'uwarta su haɗa oda.

Inda rigima ta fi tashi da masu saye na manyan birane shi ne zangon ƙarshe. Mota ta isa Legas ba ya nufin kaya sun isa hannun mai su. Motocin arewa sukan sauke a wurare irin su Agege ko Mile 12, manyan bas-bas a Jibowu, ita kuma mai kayan tana Ajah. A Abuja za a kira ta ta zo Jabi ko Utako ko Zuba, tana zaune a Lugbe. Kuɗin mai babur ɗin da zai kai mata ƙofar gida yakan kusan kai abin da aka biya daga Kano. Don haka ki ba da zaɓi biyu a fili, kowanne da farashinsa: ɗauka a tasha ko ofishin kamfani, ko kaiwa har gida. Ki kuma tambayi direba tun a nan ko za a karɓi wani abu a hannun mai kaya a can, na sauke kaya ko na ajiya. Idan za a karɓa, ki faɗa mata tun kafin ta tura kuɗi. Naira 500 da ba a sanar da ita ba ta fi 5,000 da aka sanar ɓata wa mutum rai.

Ba ki faɗi kasuwar da kike ciki ba, kuma tsarinsu ya bambanta. A irin Jiji, dandalin yana haɗa ki da mai saye ne kawai, maganar kuɗi da aike duk tsakaninku ce, jadawalinki shi ne doka. A irin Jumia, ke za ki kai kaya wurin karɓarsu, su ne suke kaiwa kuma su suke nuna wa mai saye kuɗin aike, ke kuma a cire miki kamasho da wasu kuɗaɗen hidima daga cinikin; a nan aikinki shi ne ki karanta jerin abin da ake cirewa a rukunin kayanki, ki shigar da shi cikin farashin kaya. Akwai kuma kasuwannin da suke barin mai shago ya sa kuɗin aikensa amma su ciri kamasho a kan jimillar kuɗin, har da na aiken. Haka eBay take yi, haka Etsy, wadda take cirar kashi 6.5 cikin ɗari tun 2022. Idan taki kasuwar haka take, ga yadda ake lissafi: a ce kamashon kashi 10 ne, kina son naira 5,000 su shigo hannunki. Kada ki ɗora 500 ki rubuta 5,500, domin kashi 10 na 5,500 naira 550 ne, 4,950 za su rage miki. Ki raba 5,000 da 0.9, zai ba ki kusan 5,556, sai ki rubuta 5,600. Bambancin ƙarami ne a aike ɗaya, amma a kowane aike yake maimaituwa.

Sai maganar masu rubuta kyauta, waɗanda suka tsorata ki. Babu direban da yake kai kaya Legas don Allah. Ko dai sun cusa kuɗin a cikin farashin kaya, ko suna aika kaya da yawa har kamfani ya yi musu ragi, ko kuma suna asara irin taki ba su gane ba tukuna. Cusa kuɗin cikin farashi hanya ce halal matuƙar farashin da aka gani shi za a biya, amma ga mai sayar da atamfa a Kano tana da tarko. Ki duba: a cikin oda goma, a ce biyar na cikin gari ne kan 1,500, uku na matsakaiciyar tafiya kan 3,500, biyu na kudu kan 6,500. Jimilla 31,000, wato 3,100 kan kowace oda. Kika ɗora 3,100 a kan kowane turmi kika rubuta kyauta. Matar da ke Gwammaja ta san farashin turmin nan a Kantin Kwari, kuma adaidaita ɗaya za ta hau ta je, sai ta bar ki. Ta Fatakwal kuwa ta ga garaɓasa, ta gaya wa ƙawayenta. Bayan wata biyu odar ta juye: biyu na cikin gari, uku na tsakiya, biyar na kudu. Jimillar ta koma 46,000, wato 4,600 kan kowace oda, ke kuma 3,100 kike karɓa. Kin kori masu arha, kin tara masu tsada. Irin haka ne ma ya faru da 2,500 ɗinki, shi ya sa kike ganin odar kudu tana ƙaruwa kuɗi suna raguwa.

A ganina ki bar kuɗin aike a fili, daban da farashin kaya. Idan kina son abin jan hankali, ki yi kyauta mai sharaɗi: kaiwa kyauta cikin birnin Kano ga wadda ta sayi kayan da suka kai kaza, da ragin rabin kuɗin aike zuwa nesa ga wadda ta kai kaza. Wurin tsayar da iyakar ki duba matsakaicin abin da ake saye a wurinki sau ɗaya, ki ɗaga shi da kamar kashi 30 cikin ɗari, sannan ki tabbata ribar wannan odar ta ninka kuɗin aiken da za ki yafe aƙalla sau uku. Idan ba ta ninka ba, iyakar ta yi ƙasa.

Matar da kika nemi ƙarin 3,000 a wurinta, gaskiya tana gefenta, ko da yake zagi bai dace ba. Ta ga farashi, ta amince, ta biya, ciniki ya ƙullu. Kuskuren lissafi na mai shago ne, kuma daga inda take zaune ba ta da hanyar bambance ki da masu damfarar da suke karɓar kuɗi sannan su ce a ƙaro kafin a saki kaya. Idan ta turo ƙarin, ki mayar mata. Ki tura mata saƙo gajere, ki ce kuskuren naki ne, kin gyara farashinki, kina ba ta haƙuri. Kada ki roƙe ta ta goge sharhin. Ki amsa a ƙarƙashinsa da layi biyu cikin ladabi, domin masu saye na gaba amsarki za su fi karantawa. Duk wata oda da aka riga aka biya a kan 2,500, ki cika ta a haka, sabon farashi ya fara daga ranar da kika sanar.

Wadda ta kashe waya kuma, darasinta mai tsada ne. Kayan da aka ƙi karɓa sau biyu ake biya musu kuɗin mota, zuwa da dawowa. Idan 6,500 ne kowace tafiya, 13,000 sun tafi, kuma idan hakan na faruwa sau ɗaya cikin oda goma, kowace oda cikin taran da suka rage tana ɗauke da asarar kusan 1,450. Ita ma mai cewa sai ta ga kaya ba lallai muguwa ba ce, wataƙila an taɓa cinye mata kuɗi, ko an turo mata abin da ba shi ta gani a hoto ba. To ki raba tsoron gida biyu. A cikin Kano ki yarda da biya bayan an kai, tun da asarar ba ta da yawa. Zuwa wata jiha, sabuwar mai saye ta biya duka, ko aƙalla kuɗin aike na zuwa da dawowa tare da wani kaso na kuɗin kaya, kuma sai kuɗin sun zauna a asusunki kin duba da idonki a manhajar banki, ba hoton rasit ba. Ke kuma ki ba ta abin da zai kwantar mata da hankali: ɗan bidiyon kayanta a buɗe da sunanta a takarda kusa da su, hoton ƙullin bayan an ɗaure, hoton webil, lambar direba. Wadda ta saya sau biyu lafiya, kina iya sassauta mata.

Humra da atamfa kada su sake kwana a kwali ɗaya ba shamaki. Mai da ƙamshi idan suka shiga yadi da wuya su fita. Ki bar ɗan sarari a wuyan kwalba, kada ki cika ta taf, domin zafin bayan mota yana sa ruwan ya kumbura ya tura murfi. Ki murɗa murfin sosai, ki zagaye shi da salatif har wuya, ki sa kowace kwalba a ledarta ki ƙulle, ki naɗe da leda mai kumfa ko tsohuwar jarida mai kauri, ki jera su a tsaye, kwalba ba ta taɓa kwalba, kuma tsakaninsu da bangon kwali akwai cikon kamar yatsa uku ta kowane gefe har ƙasa. Kafin ki rufe ki girgiza kwalin kusa da kunnenki. Idan kin ji motsi, ki ƙara ciko. Ki zana kibiya mai nuna sama, ki rubuta cewa gilashi ne da Hausa da Turanci. Idan oda ta haɗa yadi da turare, ƙulli biyu za ki yi, ko ki rufe yadin cikin leda biyu da salatif ki ɗora shi a sama. Wannan ɗaurin ya fi na yadi tsada, don haka kayan kwalba su samu nasu layin a jadawali. Ki sani kuma turaren da ke da sinadarin alkohol yana cikin kayan da ke kama wuta a dokar sufurin jiragen sama, kamfanoni sukan ƙi ɗaukarsa ta jirgi ko su sa sharuɗɗa na musamman. Ki faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwali. Idan kika rubuta yadi alhali turare ne, ranar da wani abu ya faru ba ki da bakin neman diyya.

Batun diyya yana da alaƙa da zaɓin hanya. Tasha ta fi arha kuma sau da yawa ta fi sauri, amma idan kaya suka ɓata ko suka jiƙe, yawanci haƙuri za a ba ki. Kamfani yana tambayar darajar kaya, kuma a kan abin da kika rubuta yake lissafin diyya, don haka rage darajar don a rage miki kuɗi cutar kai ce. Ki sa wa kanki iyaka: kayan da darajarsu ta wuce abin da za ki iya jure rasawa, misali leshin lefe ko shadda mai tsada, ta kamfani za su tafi da inshora, mai saye ta san dalilin ƙarin. Na tasha kuma a rubuta sunan mai kaya da lambobin waya biyu a gefe biyu na ƙullin, a ɗauki hoton lambar mota, a karɓi rasit daga ofis. Da damina a lulluɓe kwali da leda ta waje, domin kan mota ko bayan but ba su san darajar atamfa ba.

Jadawalin nan ba a rubuta shi sau ɗaya a manta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuma duk motsin da ta yi sai an ji shi a tasha. Kuɗin mota yakan tashi kuma gab da ƙaramar Sallah da babba da ƙarshen Disamba, daidai lokacin da cinikin yadi ya fi zafi. Ki sake tambayar farashi farkon kowane wata da mako biyu kafin Sallah, ki rubuta a shafinki watan da farashin yake aiki. Masu neman a aika musu Maraɗi ko Damagaram, ko Saudiyya da Ingila, kada ki yanka musu farashi da ka. Ki ɗaure kayan, ki auna, ki samo farashi daga mai ɗauka, sannan ki faɗa, tare da sanar da su cewa duk harajin da kwastan ɗin ƙasarsu suka sa, su za su biya.

Ƙanenki yana da gaskiya a ƙorafinsa. Zuwa tasha da rana tsaka, cinikin farashi da direba, jiran mota ta cika, amsa kiran mai kaya, aiki ne, kuma zumunci ba ya hana a gaji. Ki zaunar da shi ki ce masa daga yau akwai ladansa kan kowane ƙulli, ban da kuɗin adaidaita, ki biya shi a ranar, kada ki tara. Da ranakun aike biyu a mako zai san lokacin da kike bukatarsa ya tsara nasa al'amuran. Ki ba shi aikin tattaro farashin tasha da riƙe lambobin direbobi biyu ko uku amintattu a kowace hanya, domin direban da ya san ku duk mako yakan sassauta farashi ya kuma kula da kaya.

Maigida kuma ba ƙiyayya yake yi da sana'arki ba. Ya ba da jari, yana ganin kaya suna fita kuɗi ba sa dawowa, yana jin ki kina rigima a waya da baƙi, dole ya damu. Kada ki je masa da roƙo ko kuka, ki je da littafi. Ki jera odar wata ukun nan, kowace da abin da kika karɓa na aike da abin da kika kashe, ya ga jimillar giɓin da idonsa, ki nuna masa ribar da za ta rage da a ce sabon jadawalin ne yake aiki. Sannan ki nemi wata biyu na gwaji, da alkawarin cewa kuɗin aike za su zauna a asusu daban ko ambulan daban, ba za a taɓa jari don cika su ba. Idan ya dage kan a rage nisa, akwai tsaka-tsaki da ba zai kashe shagon ba: ki ci gaba da aika yadi da mayafi ko'ina, tun da ba sa fashewa kuma ba su da nauyi, ki tsayar da kayan kwalba a shiyyoyi biyu na kusa har ɗaurinki ya nuna. Wasu masu sayen kudu za su ja baya idan suka ga 7,000 a inda suka saba ganin 2,500, ki gaya masa hakan tun yanzu don kada raguwar oda a makon farko ta zama hujjar rufewa. Waɗanda za su tafi su ne waɗanda kike biya wa daga aljihunki.

A saman shafinki da matsayinki na WhatsApp ki rubuta abu gajere kamar haka, da lambobinki: "Muna aika kaya Litinin da Alhamis. Cikin Kano kaza, jihohin kusa kaza, Abuja da Jos kaza, Legas da Fatakwal kaza, na kilo ɗaya zuwa tasha. Kaiwa har gida da kayan kwalba suna da ƙari, za mu faɗa miki jimilla kafin ki biya, kuma ba za mu nemi ƙari bayan haka ba." Wadda ta ce ya yi tsada, ki tura mata hoton webil na aiken da ya gabata zuwa garinsu, bayan kin rufe sunan mai kayan da lambarta, ki ba ta zaɓin ta haɗa oda da wata a unguwarsu su raba kuɗin, ko ta turo direban da ta sani ya karɓa a tasha.